Ciyawar roba a bayan gida: me ake shimfiɗawa a ƙasa don ciyawa kada ta huda, ruwa kuma kada ya kwanta?

Baban_Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin ƙasa da masu sa ciyawar roba. Akwai fili a bayan gidana a Kaduna, faɗinsa mita 8, tsawonsa mita 15, ina so in mayar da shi ƙaramin filin ƙwallo don yara. Ƙasar wurin ja ce mai laka-laka, idan aka yi ruwan Agusta yakan yi kwana biyu zuwa uku a kwance a kusurwar gabas. Aya-aya da kiri-kiri sun cinye wurin, akwai darbejiyar maƙwabci a jikin katanga, sannan indararo biyu na rufin gidan duk a nan suke zuba.

Ma'aikata biyu sun duba wurin. Na farko ya ce a share ciyawar, a baza yashi, a shimfiɗa baƙar leda irin wadda ake sawa kafin a zuba daɓen gini, sai a ɗora ciyawar roba. Na biyun ya ce a zuba kankare gaba ɗaya a huta. Wanne ne daidai? Kuma wannan ƙyallen hana ciyawa da ake magana, a ƙarƙashin dutse ake sa shi ko a samansa? Na gode.

Injiniyan_Magudana:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar leda a ajiye ta tun yanzu. An yi ledar gini ne don ta hana danshi wucewa, kai kuwa so kake ruwa ya wuce. Bayan ciyawar roba yana da ƙananan ramuka a jere, tsakaninsu kamar santimita 10, ta nan ruwan sama yake sauka. Idan ya sauka ya tarar da leda, sai ya tsaya tsakanin ledar da ciyawar, yashin da ake zubawa cikin gashin ciyawar ya jiƙe ya ƙi bushewa, gansakuka ta fito, wari ya biyo baya, gam ɗin mahaɗa, wato inda aka manne naɗin ciyawa biyu, ya fara saki. Kuma aya-aya tana huda leda, ledar ba ta hana ta komai.

Kafin a zo kan shimfiɗa, a fara lissafin ruwan. Filinka murabba'in mita 120 ne. Kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 cikin awa ɗaya, lita 6,000 ce ta sauka a filin kaɗai. Idan ɓangaren rufin da ke zubowa nan ya kai murabba'in mita 100, ƙara lita 5,000 a kai. Don haka aiki na farko shi ne a raba ruwan indararon da filin: a tare shi da bututu mai inci 4, a bi da shi ta gefe zuwa kwata ko tanki. Ruwan rufi yana saukowa da ƙarfi a wuri ɗaya, yana kwashe yashin cikin ciyawa, yana ƙwaƙule dutsen ƙasa har wurin ya lotsa.

Na biyu, ka gwada ƙasar. A haƙa rami mai faɗin santimita 30 da zurfin santimita 30 a wurare biyu, ɗaya a kusurwar da ruwa ke kwanciya. A cika da ruwa a bar shi ya tsotse, a sake cikawa, sannan a auna yadda yake sauka da ruwan na biyu, domin na farkon busasshiyar ƙasa ce ke shanye shi. Idan cikin awa ɗaya bai sauka santimita biyu zuwa uku ba, kada ka dogara da ƙasar ta sha ruwan. Yadda ka kwatanta wurin, haka zai kasance, wato dole ruwan ya fita ta gefe.

Ga tsarin, daga ƙasa zuwa sama.

A kwashe ƙasar sama, santimita 20 zuwa 25. Wannan ƙasar ce mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, idan aka bar ta tana ruɓewa tana zama, filin ya yi kwari-kwari. A fitar da ita daga gidan, za ta kai kubik mita 30 idan ta warware, kada a tara ta jikin katanga.

A ba ƙasan ramin gangara ta kashi 1 cikin 100, wato santimita ɗaya a kowace mita. Ka karkata ta ta faɗi, ba ta tsawo ba: a mita 8, bambancin gefe da gefe santimita 8 ne kawai, ido ba zai gani ba, ƙwallo ma ba za ta riƙa gangarawa da kanta ba. Idan ka wuce kashi ɗaya, masu wasa za su ji a ƙafa. A kafa turaku, a ja zare, a yi amfani da tiyon ruwa wajen ɗaukar awo. Abin da ake yawan kuskurewa shi ne a bar ƙasan ramin da kwari da tudu, a ce dutse zai gyara. Saman zai yi kyau, amma ruwan yana bin ƙasan ramin ne, duk inda ya sami kwari nan zai taru. Sai a daɓe ƙasan da injin daɓe, ƙasar tana da ɗan danshi, ba jiƙe sharkaf ba.

A gefen da ya fi ƙasa, a haƙa lambatu mai bin tsawon mita 15 ɗin, faɗi santimita 30, zurfi santimita 40 ƙasa da ƙasan ramin. Shi ma a ba shi gangara zuwa mafita, kada ta gaza rabin santimita a kowace mita, santimita ɗaya ta fi. A shimfiɗa ƙyalle a cikinsa, a zuba dutse santimita 5, a kwantar da bututun roba mai inci 4 mai huji-huji, hujin yana kallon ƙasa, a cika da wankakken dutse, a naɗe ƙyallen a rufe. Dalilin juya hujin ƙasa shi ne ruwa daga ƙasa yake tasowa a cikin lambatun, da ya kai hujin sai ya shiga. Idan hujin na sama, sai lambatun ya cika kafin bututun ya fara aiki. Bututu ɗaya mai inci 4 a gangarar kashi ɗaya yana ɗaukar kusan lita 6 a daƙiƙa, ruwan filinka kuwa a wancan lissafin bai kai lita 2 a daƙiƙa ba, don haka ɗaya ya wadatar. A ƙarshensa na sama a sa gwiwa a fito da baki mai murfi, don a riƙa zura tiyo ana wankewa.

Yanzu ƙyallen. Sunansa a kasuwa jiyotekstail, kuma iri biyu ne. Akwai saƙaƙƙe, mai kama da buhu, yana da ƙarfi amma ruwa ba ya ratsa shi da sauri. Akwai wanda ba saƙa ba, mai laushi da kauri, ruwa yana bi ta cikinsa nan take. Na biyun za ka nema, mai nauyin giram 150 zuwa 200 a murabba'in mita. Wurinsa tsakanin ƙasa da dutse. Babban aikinsa ma ba hana ciyawa ba ne, raba laka da dutse ne. Idan babu shi, duk damina laka tana jiƙewa, ana taka filin, dutse yana nutsewa, laka tana hawowa tana cike ƙofofin da ruwa ke bi, bayan 'yan shekaru dutsen ya toshe. A ɗora gefe kan gefe santimita 30, a ɗaga bakinsa ya hau jikin dakalin kankaren da za a zagaye filin da shi. Da na lambatu da na ɗorawa, ka sayi murabba'in mita 175 zuwa 180.

A kan ƙyallen a zuba fasasshen dutse mai girman milimita 20, wanda ake kira tiri-kwata, kaurin santimita 12, a zuba shi sau biyu, a daɓe kowane zubi. Injin daɓe na hannu ba ya kai ƙarfinsa ƙasa idan zubin ya yi kauri da yawa. Kubik mita 14.4 ne a lissafi, ka ƙara kashi 20 cikin 100 saboda zama, ya kama kubik 17, wajen tan 26. Kusan kashi 30 cikin 100 na wankakken dutse sarari ne, don haka wannan santimita 12 ɗin tana riƙe ruwan sama na milimita 36 a cikinta kafin bututu ya gama janyewa. Shi ya sa filin ba ya ambaliya ko ruwan ya zo da ƙarfi. A sama sai garin dutse santimita 2 zuwa 3 don a daidaita fuska.

Mafitar bututun ita ce kan gaba. Idan kwatar layinku ta fi bakin bututun zurfi, a kai shi can, a sa raga a baki saboda ɓeraye. Idan ba ta kai ba, ruwan kwata zai riƙa dawowa cikin filin, sai dai a haƙa ramin da ruwan bututun zai zuba ya tsotse. Ramin ya kasance aƙalla mita 5 daga tushen gini, nesa da rijiya, kuma kada a haɗa shi da sokawen bayi ko kusa. Mita 2 sau mita 2, zurfin mita ɗaya da rabi ƙasa da bakin bututun, lita 6,000 ke nan, a gina shi da bulo mai tazara a rufe da silab. Amma a ƙasa mai laka rami ba ya saurin shanyewa, sai an haƙa an wuce lakar.

Mai_Lambu_Zariya:

Injiniya ya gama da ruwa, bari in ɗauki ciyawar, domin a nan ne ake yawan ɗora wa ƙyalle nauyin da ba nasa ba.

Alhaji, ciyayin nan biyu da ka ambata ba daga iri kaɗai suke fitowa ba. Aya-aya tana da 'ya'ya a cikin ƙasa, a jere kamar carbi a jikin siririyar jijiya, kowane ɗa zai iya fitar da sabuwar ciyawa. Yawancinsu suna cikin santimita 15 zuwa 20 na sama, wasu sukan fi haka zurfi. Tsironta yana fitowa da tsini, a naɗe, ba ya buɗe ganye sai ya ga haske, shi ya sa yake huda leda da siririn ƙyalle. Kiri-kiri kuma yaɗo take yi, sama da ƙasa, kowace gaɓa da ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Idan an sare ta da fartanya an bar gutsattsarin a wurin, an dasa ta ne. Idan akwai tofa a wurin ma haka, jijiyarta tana da kaifi.

Saboda haka a kashe su tun kafin a kawo diga. Maganin da ke bin ganye ya sauka har jijiya shi ne mai sinadarin gilaifoset. Kada a yi amfani da irin wanda ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya, ganyen kawai yake ƙonewa, jijiyar tana nan. Gilaifoset ta ganye yake shiga, don haka ciyawar ta kasance kore, tana cikin girma, ba a sare ta ba. Idan da rani za a yi aikin, a yi wa wurin ban ruwa na mako biyu har ta fito sosai, sannan a fesa. A bi awon da ke jikin gorar maganin, a yi amfani da ruwa mai tsabta domin ruwan laka yana rage masa ƙarfi, a fesa da safe babu iska, ranar da ba a sa ran ruwan sama cikin awa shida. Mai feshin ya sa safar hannu da takalmi ya rufe hanci, yara da kaji su nisanci wurin har ya bushe. A jira kwana 10 zuwa 14. A sake ban ruwa, abin da ya sake tsirowa a sake fesa shi, domin 'ya'yan aya-aya da ba su tsiro ba lokacin feshin farko maganin bai taɓa su ba. Sai bayan nan a haƙa. Duka aikin zai ci wata guda ko fiye, kuma gaggawar tsallake shi ce ke sa a ga aya-aya a tsakiyar sabon fili damina ta farko.

Idan an haƙa santimita 25 saboda aya-aya kuma ramin ya yi zurfi fiye da kaurin dutsen, a cike bambancin da burji mai tsabta daga kududdufin haƙa, a daɓe. Kada a mayar da ƙasar da aka kwashe.

Maganar darbejiya: ƙyalle ba ya tare saiwar itace. Ƙarƙashin filin zai riƙa riƙe danshi, saiwa kuwa danshi take bi, ta shiga hujin bututu ta toshe shi, ko ta ɗaga fuskar filin. A haƙa siririn rami a jikin katangar, zurfin santimita 60 zuwa 90, a datse saiwoyin da suka ƙetaro, a tsayar da farantin roba mai kauri a tsaye ko a zuba siririn kankare. Ka yi wa maƙwabcin magana tukuna, don datse manyan saiwoyi a gefe ɗaya yana iya raunana itacen, ga iskar farkon damina. Idan da hali, lambatun ya kasance a gefen da ba na itacen ba.

A duba gara kuma. Ba ta cin roba, amma tana yin hanyoyi a ƙarƙashi, tana hawo da ƙasa cikin dutse. Idan akwai shuri ko alamarta, a yi maganinta a ƙasan ramin kafin a shimfiɗa ƙyalle. Saboda ita ne ma ba a yin bakin fili da katako a ƙasarmu.

Baban_Khalifa:

Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu. Wani ya ce in ƙara ƙyalle na biyu a saman garin dutsen, dab da ciyawar. Ya zama dole? Sannan idan jiyotekstail ɗin ya yi tsada, buhunan hatsi da aka farke ba za su yi ba? Kuma ba ku ce komai kan kankaren ba.

Mai_Shimfida_Filaye:

Alhaji, buhu ba zai yi ba. Wasu buhunan an shafe cikinsu da leda, ruwa ba ya wucewa. Waɗanda ba a shafe ba kuma ƙanana ne, mahaɗa za ta yi yawa, kowace mahaɗa ƙofa ce ga laka da jijiya, kuma dutse mai kaifi yana yaga su a ƙarƙashin injin daɓe. A cikin kuɗin aikin gaba ɗaya ƙyallen yana cikin abubuwa mafi araha, kuma shi ne abin da ba za a iya canzawa ba sai an tone komai.

Ƙyalle na biyu bai zama dole ba idan an yi abin da Mai Lambu ya faɗa. Yana da amfani ɗaya: yana hana garin dutse goga bayan ciyawar da fitowa ta ramukan. Illarsa ita ce ƙura da ke sauka ta ramukan tana taruwa a kansa, a hankali ya toshe, kuma idan akwai kare ko kyanwa a gidan yana riƙe fitsari da wari. Idan za a sa, a sa marar nauyi, giram 100, wanda ba saƙa ba. Kuɗin da za a kashe a kansa gara a ƙara a sayi katifar roba mai ramuka ta milimita 10, wadda ke rage zafin faɗuwa, tun da yara ne za su yi wasa.

Inda ban yarda da Injiniya ba shi ne zuba garin dutse kai tsaye a kan tiri-kwata. Tsakanin dutsen milimita 20 akwai manyan ƙofofi, garin kuma laushi gare shi. Ruwan farko zai fara wanke shi zuwa ciki. Abu biyu ne ke faruwa: fuskar ta yi ramuka-ramuka inda garin ya zurare, ƙofofin dutsen da ake taƙama da su kuma su cike. A sa tsakani: dutse mai milimita 10, kaurin santimita 3, wajen tan 7, a daɓe shi ya kulle bakin manyan. Sai a sa garin santimita 2 kacal, tan 5 ya isa. Kuma garin dutse iri-iri ne. Wanda ƙurarsa ta yi yawa, idan ya jiƙe ya bushe yana ƙanƙamewa ya hana ruwa wucewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a huda ƙasan bokiti, a daɓe garin santimita 5 a ciki, a zuba ruwa. Idan ruwan ya tsaya a sama minti da yawa, a nemi mai tsakuwa-tsakuwa na milimita 2 zuwa 6, ko a tankaɗe shi. Yashin rafi kuma kada a sa shi a matsayin shimfiɗar ƙarshe. Ƙwayarsa mulmulalliya ce, ba ta kama juna, tana gudu a ƙarƙashin ƙafa, gaban raga ya zama kwari cikin wata kaɗan, ga tururuwa tana son sa.

Bayan daɓen ƙarshe a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe mai mita 3 a wurare daban-daban. Ma'aunin FIFA na filayen roba shi ne kada tazarar da ke ƙarƙashinsa ta wuce milimita 10, kuma ruwa ya iya ratsa filin aƙalla milimita 180 a awa. Filin gida ba ya buƙatar takardar shaida, amma awon yana da amfani. Kafin a kawo ciyawar, a saki tiyo a kan dutsen na minti 20, a je bakin bututun a ga ruwa yana fita. Idan bai fito ba, yanzu ne gyara yake da sauƙi.

Bakin fili shi ne inda ciyawa ta fi shigowa. A zagaye shi da ɗan dakalin kankare mai faɗin santimita 10, ya nutse aƙalla santimita 25 a ƙasa don kiri-kiri kada ta bi ta ƙarƙashi. Fuskar filin ta ɗara ƙasar da ke kewaye da santimita 3 zuwa 5, don ruwan tsakar gida mai ɗauke da laka da irin ciyawa kada ya malalo ciki. A manne bakin ciyawar a jikin dakalin da gam, kada a bar tazarar da ƙura za ta taru. Ciyawar tana zuwa a naɗi mai faɗin mita 4, don haka faɗinka na mita 8 naɗi biyu ne da mahaɗa ɗaya a tsakiya. Amma ana yanke bakin kowane naɗi kafin a haɗa, saboda haka cikin dakalin ya zama mita 7.9, kada a zo ana neman guntun ciyawar toshe gefe. A baza naɗin a rana na 'yan awanni ya saki jiki, gashin duka biyun ya kwanta ta fuska ɗaya, a haɗa da tef na mahaɗa da gam mai haɗi biyu, wanda ake gaurayawa kafin a shafa, ranar da babu ruwa. Kada a kafe tsakiyar fili da ƙusoshi, kowace ƙusa huji ce a ƙyalle, kuma tana iya tasowa ta ji wa yaro ciwo.

Yashin da ake zubawa cikin gashin ciyawar ya zama wankakken yashin silika busasshe. Yawan kilo a murabba'in mita ya danganta da tsawon gashin, kamfanin da ya yi ciyawar yana rubutawa, a bi nasa. Yashin gini yana zuwa da laka da irin ciyawa, wato ka shuka da hannunka. Ɓarɓashin taya da ake ƙarawa a manyan filaye ba dole ba ne a ƙaramin fili mai katifa. Yana ƙara zafi da rana, yana bin ruwa zuwa kwata, Tarayyar Turai ma ta zartar a 2023 cewa daga Oktoban 2031 za a daina sayar da shi don wannan aiki.

Injiniyan_Magudana:

Gyaran Mai Shimfiɗa daidai ne, a sa dutsen milimita 10 a tsakani. Kaurin duka ya zama santimita 17 ke nan, a lissafa shi wajen haƙa da tsayin dakali.

Kankare yana da wurinsa. Idan za a buga ƙwallon kwando, shi ya fi dacewa, domin ƙwallon ba ta tashi da kyau a kan dutse da ciyawa. Yana kuma hana aya-aya kwata-kwata muddin bai tsage ba. Amma ba ya kawar da matsalar ruwa, yana maido ta sama ne. Duk lita 6,000 ɗin nan za ta bi tsakanin kankare da bayan ciyawa, don haka sai an ba silab ɗin gangarar kashi ɗaya ba tare da kwari ko ɗaya ba, an sa katifa mai hanyoyin ruwa a ƙasanta, an yi buɗaɗɗiyar kwata mai murfin ƙarfe a gefen da ya fi ƙasa, an kuma bar ƙofofi a bakin da aka manne don ruwan ya fita. Idan aka shafa gam ya zagaye ba tare da ƙofa ba, ruwan zai taru a gefen ƙasa har ciyawar ta riƙa motsi a ƙarƙashin ƙafa. Wasu suna huda silab ɗin su cika hujin da tsakuwa, amma a ƙasa mai laka wannan yana jiƙa abin da ke riƙe da silab ɗin ne, laka ta kumbura da damina ta motse da rani, kankaren ya tsage. Ga kuɗin siminti da rodi na santimita 10 a murabba'in mita 120, ga tauri idan yaro ya faɗi. Don ƙwallon ƙafa ta yara, dutse ya fi.

Abu ɗaya game da burji: idan an daɓe shi sosai kusan ba ya shan ruwa. Wannan ba laifi ba ne a ƙasan rami, muddin an ba shi gangara zuwa lambatu. Laifin shi ne a sa shi a madadin dutse don rage kuɗi, a ɗora ciyawa a kai.

Mai_Lambu_Zariya:

Saura abin da zai biyo baya, domin ko an yi komai daidai, Alhaji, za ka ga ɗan tsiro nan da can, kada ka ɗauka ƙyallen ne ya gaza. Wannan daga sama yake zuwa. Hunturu yana sauke ƙura mai laushi wata da watanni, ganyen darbejiya da 'ya'yanta suna faɗowa suna ruɓewa, tsuntsaye da iska suna kawo iri. Duk wannan yana taruwa cikin yashin ya zama 'yar ƙasa, da ruwan farko ya sauka sai iri ya tsiro. Ana gane shi: idan ka ja, yana fitowa da sauƙi da 'yar gajeriyar saiwa. Wanda ya huda daga ƙasa kuwa yana tsinkewa ne a hannu ya bar jijiyar. Irin wannan na biyun kada a ja shi, a shafa masa gilaifoset a ganye da ɗan buroshi, a bar shi ya mutu har ƙasa.

Ƙurar nan ita ce kuma ke toshe ramukan ciyawar. A kwashe ganye duk mako da tsintsiya ko manjagarar roba, ba ta ƙarfe ba. A taje filin da buroshi mai taurin gashi sau ɗaya ko biyu a wata, ana tura gashin saɓanin inda ya kwanta, don yashin ya warware. A ƙarshen hunturu, kafin ruwan farko, a taje shi sosai a wanke da tiyo daga gefen tudu zuwa gefen lambatu, a buɗe murfin bututun a zura ruwa har ya fito da tsabta a mafita. A sare rassan da suka leƙo kan filin. Idan bayan an ɗauke ruwa da rabin awa akwai inda ruwa yake tsaye, a soka siririn ƙarfe ta ɗaya daga cikin ramukan ciyawar a wurin. Idan ruwan ya zurare, yashin sama ne ya toshe, a kwashe na wurin a zuba sabo. Idan bai zurare ba, matsalar tana cikin garin dutse ko bututu, sai a fara duba bakin mafita kafin a ɗaga ciyawar.